Motocin Gwamnati da Kuɗin Tikiti: Ina Idon Majalisar Dokokin Katsina Yake?

Duk lokacin da gwamnati ta jera sababbin motocin haya a fili, aka ɗaura musu ƙyalle, aka kira 'yan jarida, magana biyu ce ke tashi a Katsina. Wasu su ce madalla, talaka zai samu sauƙin kuɗin mota. Wasu kuma su ce to, ina waɗanda aka saya a baya? Tambayar nan ta biyu ita ce ke yawo a shirye-shiryen rediyo na kiran waya da shafukan Facebook da teburin mai shayi, kuma a ƙarshe a kan 'yan majalisar dokoki take sauka. Abin da masu suka ke faɗa shi ne, majalisa ce ke amincewa da kuɗin da ake zuba wa Hukumar Sufuri ta Jihar Katsina, wadda kowa ya fi sani da KTSTA, amma da zarar an yanke ƙyalle sai ta kau da kai, sai wata shekarar da za a sake kawo mata takardar neman wasu kuɗin.

Sukan yana da tushe. Sai dai a ganina masu yin sa sun fi zuba ido inda hayaniya take, wato nawa aka sayi kowace mota kuma wa aka ba kwangilar. Kuɗin kamfanin sufuri kuwa ya fi zurarewa ne a wuraren da babu mai ɗaukar hoto: teburin sayar da tikiti, famfon gidan mai, da garejin gyara. Kuma a daidai nan ne tsarin mulkin ƙasa ya bar wata kafa da mutane ƙalilan suka lura da ita.

Kafin a je can, yana da kyau a tuna yadda aka yi gwamnati ta zama mai motar haya tun farko. An ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, daga tsohuwar Jihar Kaduna, a lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fara a 1986, ya karya darajar naira. Mota da taya da kayan gyara suka yi tsadar da masu haya suka kasa sabunta motocinsu. A 1988 gwamnatin tarayya ta fito da shirin sufurin jama'a, jihohi kuma suka tsunduma harkar haya gadan-gadan. Sunayen da matafiyan Arewa suka haddace, irin su Kano Line da Borno Express da Yankari Express da Benue Links da Gombe Line, duk daga tunani ɗaya suka fito, ko da wasu sun riga wasu: in kasuwa ta fi ƙarfin talaka, gwamnati ta sa motarta a hanya don ta ja farashi ƙasa.

Tarihin ya maimaita kansa a 2023. Ranar 29 ga Mayu, ranar da aka rantsar da Malam Dikko Umaru Raɗɗa gwamnan Katsina, ita ce ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin fetur ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta kai 1,500 a farkon 2024. Jihohi, har da Katsina, suka koma sayen bas-bas a matsayin sassauci. Ɗalibin da ke karatu a Zariya, da ma'aikaciyar da aka tura Funtuwa, da ɗan kasuwar da ke saro kaya a Kantin Kwari ya kawo Daura, duk sun san bambancin da 'yan ɗaruruwan naira ke yi a kuɗin mota. Saboda haka babu mai hankalin da ke cewa a daina. Gardamar a kan bin sawun kuɗin take.

Kuɗi na shigo wa hukumar sufuri ta hanya biyu. Akwai na kasafi, wanda ake sa shi a ƙarƙashin manyan ayyuka don sayen motoci ko gina tasha. Wannan a fili yake: gwamna ya gabatar da shi a zauren majalisa kamar yadda sashe na 121 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, kwamiti ya duba, a zartar, a buga a jarida. Sai kuma kuɗin da hukumar ke samu da kanta a kullum daga tikiti da saƙo da shatar mota. Sashe na 120 ya ce duk kuɗin shigar jiha a zuba shi a babban asusun jiha, sai dai in wata doka ta majalisa ta ware masa asusu na musamman. Da wannan togaciyar ne hukumomin da ke harkar kasuwanci suke riƙe abin da suka samu su yi hidimar kansu. Kuma akwai hikima a ciki. Motar da ta tsaya a Bichi da fasinja goma sha takwas ba za ta jira fayil ya zagaya ma'aikatar kuɗi ba kafin a saya mata bel.

Matsalar ita ce wannan kuɗin na biyu, wanda ke shigowa da tsabarsa safe da yamma, shi ne majalisa ta fi ƙarancin gani. Kasafi yana nuna hasashen abin da hukuma za ta tara a shekara a layi guda. Layi guda kuwa ba ya faɗa maka motoci nawa ne suka fita, ko kujeru nawa aka sayar.

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar gwamnati ya san tsarin. Ka je teburi ka biya, a yago maka tikiti, ka rubuta sunanka da lambar wayarka da ta ɗan'uwanka a takardar fasinjoji. In lodi ya cika, ko lokaci ya yi, a ba direba kuɗin mai ko takardar shan mai, ya ja mota. Har zuwa ƙofar tasha komai yana rubuce. Daga nan kuma sai abin da direba ya faɗa. A ce mota ta tashi da kujera uku babu kowa. A Charanchi wani dattijo ya ɗaga hannu, direba ya taka birki: "Baba, ina zuwa?" "Kankiya, ɗana." Ya shiga, ya miƙa kuɗinsa hannu da hannu. A Kankiya ya sauka, wata mata ta hau zuwa Tsanyawa. Wani ya kawo kwalin magani a kai masa Kano, ya ba da na saƙo. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya shiga takarda. Haka abin yake a kowane kamfanin haya a ƙasar nan, na gwamnati da na 'yan kasuwa. Bambancin shi ne mai motar kansa ya san da zancen, shi ya sa yake yanka wa direba balas, ya ce ko ka samu ko ka rasa kuɗi kaza za ka kawo mini. Gwamnati kuwa tana lissafi da takarda.

Mu ƙaddara lissafi, don misali kawai. A ce kujera naira 4,000 ce, kuma fasinja biyu ne ba su shiga takarda ba a tafiya, biyu a dawowa. Naira 16,000 ke nan a rana a mota ɗaya. In motar ta yi aiki kwana 300, an kai miliyan 4.8 a shekara. In motoci 50 ne, miliyan 240. Babu wanda ya sa hannu a wata takardar kwangila, babu wanda ya buɗe asusu a ƙasar waje, amma kuɗin motoci da dama ya tafi. Kafin kuma a tsine wa direba, a tambayi nawa ne alawus ɗinsa na kwana a hanya, yaushe rabon da a yi masa ƙari, kuma daga aljihun wa ake biyan mai faci da abin da ake miƙawa a shingayen hanya. Inda hukuma ta ƙi tanadar wa waɗannan, ta riga ta amince a ɓoye cewa fasinjan hanya ne zai biya.

Akwai wata ɓarakar da ba direba ke yin ta ba. Waya ce daga sama: ana taron jam'iyya, ko ɗaurin auren gidan wani babba, a turo mota huɗu. Motocin su bar layi, su sha man hukuma, su dawo bayan kwana biyu. Wani lokacin a rubuta bashi a kan ofishin da ya nema, bashin da manajan da ke son kujerarsa ba zai je karɓa ba.

Sai batun tsufan mota, wanda shi ne amsar tambayar nan ta "ina na baya?" Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne. Motar da ke zuwa ta dawo kullum tana cin kilomita 340, a kwana 300 ta haura 100,000. Bayan shekara huɗu ko biyar a irin hanyoyinmu, da lodi da zafi da ramuka, ta gaji. Mai hayar da ya san sana'arsa yana cire wani abu daga abin da motar ke kawowa tun ranar farko, don ranar da za ta mutu ya samu na sayen wata. A hukumomin gwamnati wannan asusun sabuntawa shi ne ke fara ɓacewa, domin kowa ya san in motoci suka ƙare gwamna mai ci ko mai zuwa zai sayi wasu, kuma zai ji daɗin yanke ƙyalle. Yanzu da dala ta ninka sau uku, motar da aka bari ta mutu a banza sai an biya ninkin kuɗinta kafin a maye gurbinta.

Na taɓa shiga harabar wata hukumar sufuri a wata jiha neman saƙon da aka aiko mini. Bayan ofis akwai layin bas-bas a kan bulo, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, fentin wasu ko dusashewa bai yi ba. Wani bakanike da ke wanke hannu da fetur ya ga ina kallo, ya nuna mini ɗaya ya ce, "Yallaɓai, wannan famfon mai kawai ta rasa ranar da aka turo ta nan." Ana jiran a amince da kuɗin famfon, wata motar ta buƙaci kafireta aka cire nata. Wata ta buƙaci gilashi. Daga baya giyar motar ta tafi, tayu suka bi. A littafin kadarori har ranar tana nan a matsayin mota. Ƙarshen irin waɗannan gwanjo ne, a sayar da su a kuɗin ƙarfe, wani lokacin kuma ka ga mai kama da ita ta dawo hanya da sabon fenti tana haya a hannun wani.

To wa doka ta ɗora wa alhakin ganin duk wannan? Majalisar dokoki, kuma ba ƙaramin ƙarfi aka ba ta ba. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar duk wani mutum ko ma'aikata ko hukuma da ke aiwatar da dokar da ta yi ko ke kashe kuɗin da ta ware, kuma ya faɗi dalilin a fili: don gyara dokoki, da kuma bankaɗo cin hanci da rashin iya aiki da almubazzaranci. A lura, ba sata kaɗai aka ambata ba. Motar da aka bari a kan bulo saboda famfon mai ta shiga cikin abin da sashen ke nufi. Sashe na 129 kuma ya ba majalisa ko kwamitinta ikon kiran kowa a jihar ya ba da shaida bisa rantsuwa, ya kawo takardu, in ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba a ba da sammacin kawo shi. Sashe na 104 ya wajabta mata zama aƙalla kwana 181 a shekara. Lokaci akwai, iko akwai.

Ga inda kafar take. Mutane da yawa suna ɗauka cewa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, wato Odita Janar, yana shiga kowace hukuma ya duba littattafanta. Sashe na 125 ya ba shi binciken asusun jiha da ofisoshinta da kotunanta, ya kai rahoto majalisa. Amma ƙaramin sashe na uku ya cire hukumomi da kamfanonin da aka kafa da doka daga hannunsa. Ba shi ke binciken asusunsu na shekara ba, ba shi ke naɗa musu mai bincike ba. Aikinsa ya ba su jerin sunayen ƙwararrun masu binciken kuɗi su zaɓi wanda suke so, ya ba su ma'aunin ladan da za su biya, sannan ya yi sharhi a kan rahoton da aka kawo. Wato hukumar da ake bincika ita ke zaɓen mai bincikenta daga jerin, ita ke biyan shi, ita kuma za ta yanke ko shi za ta sake kira baɗi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba a ce duk akantan waje maƙaryaci ba ne, amma aikinsa ya tabbatar cewa takardun da aka ba shi sun dace da juna. Fasinjan Charanchi ba ya cikin takardun, saboda haka ba ya cikin rahoton.

In kuma hukuma ta yi jinkirin rufe asusunta na shekara, Odita Janar ba shi da abin da zai yi wa sharhi. A matakin tarayya rahotannin Odita Janar sun sha kokawa da yawan hukumomin da ke shafe shekaru ba su miƙa asusun da aka bincika ba. Abin da ya rage a hannunsa shi ne ƙaramin sashe na huɗu, wanda ya ba shi ikon kai duba lokaci-lokaci ga waɗannan hukumomi. Wannan makami ne mai kaifi in an ba shi ma'aikata da mota da kuɗin mai, kuma majalisa ce ke ware masa su a kasafi. Rahotonsa na shekara, wanda doka ta ce ya miƙa cikin kwana 90 da karɓar bayanan Akanta Janar, yana zuwa ne gaban kwamitin asusun jama'a na majalisa. A Majalisar Tarayya al'ada ce a ba ɗan adawa shugabancin wannan kwamiti, don kada mai gida ya zama mai bincikar gidansa. A majalisa irin ta Katsina, mai kujeru 34 da jam'iyyar gwamna ta mamaye kusan dukkansu, wannan al'adar ba ta da inda za ta tsaya sosai.

Nan ne kalmar "'yan amshin shata" ke shigowa, kuma ba Katsina kaɗai ake jifa da ita ba. Ɗan majalisar jiha ya san wa ya taimaka masa ya samu takara, ya kuma san wa ke sa hannu kafin a yi rijiya ko aji biyu a mazaɓarsa. Shekaru da dama ma albashin majalisa da kuɗin gudanar da ita daga hannun gwamna suke fitowa. A gyaran tsarin mulki na 2010 an kawo batun 'yancin kuɗin majalisun jihohi, su da kansu suka kasa ba da yawan amincewar da ake buƙata. Sai a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba su 'yancin. Da gwamnoni suka yi ta jan ƙafa ya fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10 a Mayun 2020, ma'aikatan majalisu suka yi yajin aiki a 2021, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022, aka sake wani gyaran a Maris 2023. Duk wannan gwagwarmayar a kan wa ke riƙe da asusun majalisa ne. Ba ta taɓa batun wa ke riƙe da tikitin takarar ɗan majalisa ba.

Abin mamaki, Katsina ba baƙuwar wannan fage ba ce. Ɗanta, Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ya sa hannu a dokar ba da kwangila da dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta tarayya, duka a 2007. Aminu Bello Masari ya yi kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007 kafin ya mulki jihar shekara takwas. Masu sanin yadda ake sa ido ba su yi mana ƙaranci ba.

Wanda ya taɓa zama a bayan ɗaki ranar kare kasafi a kowace majalisar jiha ya san yadda ake yi. Hukumomi goma ko fiye a jere a rana ɗaya. Manaja ya miƙe: "Ranka ya daɗe shugaban kwamiti, honarabul mambobi," ya karanta abin da aka ware bara, abin da aka sakar masa, abin da yake nema bana. Takardar da yake karantawa da safiyar nan ta iso hannun mambobi. Wani ya tambayi me ya sa babu motar da ke zuwa garinsu. Wani ya tuna masa maganar yaran mazaɓarsa da ke neman aikin direba. A yi addu'a, a kira na gaba. Ziyarar gani da ido ma haka: an sanar da mako guda, an share harabar, an wanke motocin da ke tashi an jera su gaba, kuma sau da yawa hukumar da aka je dubawa ita ke ɗaukar nauyin abinci da na mai. Ba lallai mugun nufi ba ne. Yawancin kwamitoci ba su da akanta ko injiniya nasu, sai magatakarda guda, kuma kowane zaɓe yana kawo sababbin fuskoki da za su fara koyo daga farko.

Tambayoyin da suka kamata ba sa buƙatar digiri. Motoci nawa ne a littafi, nawa ne suka fita aiki jiya da safe? Kowace mota, da lambarta, nawa ta kawo a watan jiya kuma nawa ta ci na mai da gyara? Waɗanda ke kwance, tun yaushe, kuma me suke jira? Su wa hukumar ke bi bashin shata? Nawa ne a asusun sabunta motoci? Kwamitin da ya nemi waɗannan a rubuce duk wata uku, ya kuma tura mutum biyu tasha da asuba ba sanarwa su ƙirga da idonsu, ya yi rabin aikin.

Sai dai kada a ɗauka ƙara wa majalisa zafi shi kaɗai magani ne. Ikon bincike ma ana sayar da shi. Farouk Lawan ya jagoranci binciken tallafin fetur a Majalisar Wakilai a 2012, jama'a suna ta yaba masa, daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 daga ɗan kasuwa Femi Otedola, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a Janairun 2024. Manajoji da yawa za su faɗa maka a ɓoye cewa takardar gayyata daga kwamiti wani lokacin neman na goro ce da hatimi. Shi ya sa bayanan da kwamiti ya karɓa bai kamata su tsaya a durowar shugabansa ba. Abin da mutum biyar kaɗai suka gani ana iya cinikinsa. Abin da aka buga kowa ya gani ya fi wuyar saye.

Masu suka ma suna da nasu laifin, kuma babba ne. Da an ji hukumar sufuri ba ta ci riba ba sai a ce an yi rub da ciki. Asara daban, sata daban. Hukumar da aka umarta ta karɓi ƙasa da abin da 'yan tasha ke karɓa, alhali a gidan mai ɗaya suke sha, tana iya faɗuwa ko da waliyyai ne ke tafiyar da ita. Ga matsalar tsaro. A 2021 gwamnatin Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Duk zagayen da mota za ta yi don kauce wa daji ƙarin mai ne, duk hanyar da ba a bi bayan la'asar ragin sawu ne. Mutumin Batsari ko Safana ko Sabuwa ya fi kowa buƙatar motar gwamnati, kuma hanyarsa ce ta fi rashin riba.

Abin da ya dace majalisa ta yi a nan shi ne ta raba lissafin gida biyu a cikin kasafi. Hanyoyin Kano da Kaduna da Abuja kasuwanci ne, a auna su da ma'aunin kasuwa, su ciyar da kansu su tara na sabunta mota. Hanyoyin karkara da rangwamen ɗalibai kuma hidima ce, a rubuta adadin tallafinsu ƙarara, a biya hukumar daga baitulmali. Muddin an cakuɗa su, manaja mai gaskiya ba shi da hujjar kare kansa, marar gaskiya kuma ya samu mafaka, duk giɓin da aka gani ya ce talaka aka taimaka wa.

Ana yawan kawo misalin Legas, inda manyan bas-bas na BRT suka fara aiki a 2008 kuma yanzu da katin Cowry ake biya. Tikitin na'ura zai yi aiki a Katsina, musamman tun da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa har mai sayar da ƙosai karɓar tiransifa. Na'urar bin sawun mota ma tana nuna inda direba ya tsaya da tsawon tafiyarsa, a gwada da man da aka ce ya sha. Amma na'ura alƙaluma kawai take tarawa, sai an samu mai buƙatar ganinsu. Haka tsarin asusu ɗaya na TSA, da tarayya ta ƙaddamar sosai a 2015 jihohi suka bi: yana nuna abin da ya shiga banki, kuma in ba a bar wa hukumar kuɗin gyaran gaggawa ba sai ya ƙara yawan motocin da ke kan bulo.

Jama'a ma yanzu suna da ƙofar shiga. Tun 2018 shirin Bankin Duniya na SFTAS ya sa jihohi buga kasafinsu da rahoton Odita Janar a intanet don su samu tallafi, saboda haka duk mai waya zai iya duba abin da aka ware wa sufuri da abin da aka saki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar neman bayani, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi. Ƙungiyar ɗalibai ko ɗan jarida a Katsina na iya rubuta takarda shafi ɗaya ya nemi jerin motocin hukuma da halin da kowace ke ciki, ya aika kwafi ga kwamitin da ke kula da sufuri a majalisa.

Akwai kuma abin da ke tafe wanda ya kamata a ce ya shiga muhawarar kasafi tun yanzu. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar fasinja, hanyar Kano, wadda ke cikin masu kawo wa duk mai haya kuɗi, za ta canza. Wataƙila abin da za a fi buƙata a lokacin ƙananan motoci ne masu kwaso mutane daga Mani da Baure da Zango da Kaita zuwa tashar jirgi, fiye da ƙarin motocin dogon zango. Motar da aka saya bana za ta riski wannan lokacin in an kula da ita. Kwamitin da ke kukan rashin ƙwararru yana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, tafiyar kusan awa ɗaya daga zauren majalisa, kuma sashe na 129 ɗin nan da ya ba shi ikon kiran manaja ya ba shi ikon gayyato malamanta su zo su yi masa lissafin kafin ya amince da sayen mota ta gaba.